Lissafin da ya ɗaure Sally Clark

Jama'a, tunda yanzu da an ce "likita ya tabbatar" sai mu ce magana ta ƙare, bari in tuna mana da shari'ar Sally Clark, wata lauya a Ingila.

Jariranta biyu maza suka rasu, ɗaya a Disamban 1996 yana da mako 11, ɗayan a Janairun 1998 yana da mako 8. A 1999 aka gurfanar da ita bisa zargin kashe su. Farfesa Roy Meadow ya shaida wa kotu cewa a gida irin nata, yiwuwar jarirai biyu su yi mutuwar fuju'a ɗaya ce cikin miliyan 73. Ya samo adadin ne da ya ninka 8,543 sau 8,543, sai ka ce mutuwar wan ba ta da alaƙa da ta ƙanen. To ai uwa ɗaya uba ɗaya ne, gida ɗaya, ga batun ciwon gado! Ni abin da ya fi ɗaure min kai, mutumin nan likitan yara ne fa, ba masanin ƙididdiga ba, amma aka bar shi ya yi wa kotu lissafi. Aka yanke mata ɗaurin rai-da-rai.

Daga baya aka gano likitan da ya binciki gawar ƙaramin bai bayyana sakamakon gwajin da ya nuna ƙwayoyin cuta a jikin yaron ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta sake ta a Janairun 2003, bayan ta haura shekara uku a kurkuku. Baiwar Allah ba ta ƙara komawa daidai ba. Ta rasu a Maris ɗin 2007, tana da shekara 42.