Koroso: Daga Dandalin Ƙauye zuwa Zauren Kallo

Kafin a san kujerun kallo, rawa a karkara irin ta Shanono a ƙasar Kano ba ta raba mai yi da mai kallo. Ranar gayya gangar noma ke ɗaga fartanya. Da kaka kuwa, kalangu ya tashi a dandali, duk wanda kiɗa ya ratsa sai ya shiga fili. Ƙungiyar rawa mai horo da sutura iri ɗaya sabon abu ce, wadda ta bunƙasa bayan kafa Jihar Kano a 1967, lokacin da jihohi ke gasar nuna al'adu, har zuwa bikin FESTAC na 1977. A wannan yanayi rawar Koroso ta yi suna: 'yan rawa bibbiyu, kacau-kacau a ƙafa, sarewar Fulani na jan su, wannan ya ɗaga wancan, ya lanƙwashe kamar ba ƙashi a jikinsa.

Wasu na cewa Koroso rawar hukuma ce, an tsige ta daga tushenta. Akwai gaskiya a ciki, domin mai kallo ya koma zaune. Amma makaɗan fada ma sun daɗe suna yi wa masu zama wasa, ba a kira nasu jabu ba. Kuma a garuruwa da dama dandalin kansa ya yi sanyi, saura biki da taro, inda ake gayyato 'yan Koroso.