Amsar Wasiƙa: Man Shanu, Kitsen Jini Da Idon Kifi

Wani ɗan kasuwa daga Roni ya rubuto cewa likita ya auna jininsa ya ce kolestarol ya yi masa yawa. Tambayarsa ita ce, shin jiki ba shi da hanyar kwashe wannan kitse da kansa ne, sai an raba shi da man shanu?

To Malam, akwai hanya, amma an daɗe kafin a gane ta. A 1815 wani Bafaranshe, Chevreul, ya raɗa wa kitsen suna bayan ya same shi cikin tsakuwar matsarmama. A 1935 Warren Sperry na Amurka ya lura idan aka ajiye ruwan jini da ɗumi, kolestarol ɗin ciki yakan sauya kama. Sai a 1962 John Glomset ya gano yadda sauyin ke faruwa: aikin wani sinadari ne da hanta ke ƙerawa, wanda ake kira LCAT.

Ka san ɗan dako mai ɗinke bakin buhu a kasuwar Babura? Kusan aikinsa ke nan. Cikin jini akwai ƙananan buhuna masu suna HDL, masu bi suna tsintar kolestarol daga sassan jiki. Muddin yana manne a bayan buhun, yana iya zamewa. LCAT sai ya ciro wata jelar mai daga lesitin, irin wanda ke cikin gwaiduwar ƙwai, ya ɗaura masa. Da ya samu jelar nan ba ya jituwa da ruwa, sai ya nutse can tsakiyar buhu, a kai shi hanta, ya fita ta matsarmama. A 2015 masana a Jami'ar Mishigan suka fitar da siffar sinadarin. Sarƙa ce mai ƙwaya 416 a naɗe, har da ɗan murfi a bakin wurin aikinsa.

Abin mamaki, marasa lafiya ne suka nuna darajarsa. A 1967 likitoci biyu a Nowe, Norum da Gjone, suka duba wasu mata 'yan gida ɗaya da aka haifa ba LCAT mai aiki. Jininsu ya yi ƙaranci, ƙodarsu na yoyo, idonsu ya yi hazo. A 1979 aka sami irinta mai sauƙi a Siwidin, mutanen ƙauyen suka ce idon ya yi kama da na dafaffen kifi. Duk wanda ya ci kifin dam ɗin Kazaure ya san idon da ake nufi. Amma kada tsohon Gwiwa mai farin ido ya tsorata. Cutar gado ce, ba kasafai ake ganinta ba, nasa galibi yanar ido ce da ake cirewa a asibiti.

Batun man shanu kuwa, a 2001 an buga binciken da aka yi kan Fulani makiyaya a tsaunukan Jos. Mai da nono sun cika abincinsu, amma kolestarol ɗinsu daidai yake. Masu binciken sun danganta haka da yawan tafiya da rashin cika ciki. Kai kuma, in ji wasiƙarka, daga safe har magariba kana zaune a rumfa. LCAT ɗinka na aiki, kayan ne suka fi ƙarfin buhu. Rage cokalin, ka riƙa takawa zuwa gona, in likita ya ba ka magani ka sha, ka koma a sake awo ranar da ya sa maka.