Asalin Farautar Barewa a Neman Auren Mutanen Moldova

Can a gabashin Turai, tsakanin Romaniya da Yukren, akwai wata 'yar ƙasa da ake kira Moldova. Ba ta da bakin teku, mafi yawanta kuma yana tsakanin koguna biyu ne, Purut ta yamma, Nistru ta gabas. Mutanenta ba su kai miliyan 3 ba. Noma suka gada, na inabi da masara da alkama, harshensu Romaniyanci, galibinsu kuma Kiristoci ne mabiya ɗariƙar Otodoks. A da ƙasar ta fi haka faɗi nesa ba kusa ba. A shekarar 1812 Rasha ta yanke rabinta na gabas, mafi yawansa shi ne ya zama Moldova ta yau, ɗaya rabin kuwa yana cikin Romaniya. Saboda haka duk al'adar da za a faɗa a nan, ana yin ta a hayin Purut na nan da na can.

Mutanen nan suna da wata ɗabi'a a wajen neman aure. Idan dangin saurayi suka isa ƙofar gidan su yarinya, ba sa cewa aure suka zo nema. Sai su ce su maharba ne, sun taso wata barewa a daji ta tsere musu, sun yi ta bin sawunta har ya kawo su bakin ƙofar nan. Masu gida sun san abin da ake nufi, maƙwabta sun sani, ita yarinyar da ke laɓe a ɗaki ta fi kowa sani, amma ba wanda zai fasa ƙwan. To, ina aka samo wannan?

Tsofaffinsu suna ba da labarin wani basarake mai suna Dragosh, mutumin Maramuresh, wata ƙasa da ke bayan duwatsun Karpat. Wai wata rana ya fita farauta da mutanensa da karnukansa, suka taso wani ƙaton bajimin daji. Irin wannan dabba ta ƙare a duniya, ta ƙarshenta ta mutu a Polan a 1627. Bajimi ya yanki daji, Dragosh ya ce da wa Allah ya haɗa mu. Suka yi ta bin sa kwana da kwanaki, suka haye duwatsu, suka gangaro wani kwari da ba su taɓa gani ba, a bakin wani kogi suka kashe shi. Wata karyar farauta da Dragosh yake ji da ita, mai suna Molda, gajiya ta ci ƙarfinta, ruwa ya tafi da ita. Sai ya sa wa kogin sunanta, ƙasar kuma ta ci sunan kogin. Da ya duba ya ga ƙasa mai dausayi da ciyawa da ruwa, sai ya koma gida ya kwaso jama'arsa suka zauna. Masana tarihi suna sa zuwan Dragosh a tsakiyar ƙarni na 14, kuma har gobe kan bajimin nan ne a jikin tambarin ƙasar.

Wanda ya fara rubuta yadda wannan labari ya shiga maganar aure sarki ne, ba wani malamin ƙauye ba. Sunansa Dimitrie Kantemir, an haife shi a 1673. Ya yi ƙuruciyarsa a Istanbul, don a zamanin Moldova tana biyan haraji ga Daular Usmaniyya. Ya hau gadon sarauta a 1710, ya haɗa kai da Sarkin Rasha Bitrus Mai Girma don ya kuɓuta daga Turkawa, aka ci su da yaƙi a 1711, ya gudu Rasha bai sake ganin ƙasarsa ba har ya rasu a 1723. A can gudun hijira ne majalisar masana ta Balin ta roƙe shi ya rubuta bayanin ƙasarsa. Ya rubuta da Latin wajen 1716, littafin ana kiran sa Descriptio Moldaviae. A ciki ya ware babi guda don baiko da biki.

Ga yadda ya bayyana abin. A wurinsu abin kunya ne iyayen yarinya su nema mata miji, namiji ne ke nema. Saurayi yakan tura wakilai su fara jin ta bakin iyaye a asirce, kada a je da taro a sha kunya. In an ga alamar yarda, sai a taho da dangi, a gaba akwai wani dattijo mai iya magana da suke kira staroste. Shi zai buɗe baki, kuma da kakanni yake farawa. Zai tuna wa masu gida cewa kakannin kakanninsu wajen farauta suka sami ƙasar nan da ake ci ake sha a cikinta. Ya ce to, ɗansu wane ya bi sawun kakanni, shi ma ya fita daji, ya ga barewa, kunya ta hana ta tsayawa ya ga fuskarta, ta ruga ta ɓuya. Sawu dai ya ƙare a gidan nan, don haka ko a fito musu da abin farautarsu, ko a nuna musu inda ta bi.

Masu gida sai su yi kamar ba su gane ba. Su ce su ba su ga wata barewa ba, wataƙila baƙi sun ɓata hanya ne. Baƙi su nace. Da nacin ya yi yawa, sai a shiga ciki a fito da wata tsohuwa tukuf, an sa mata tsummokara, a tsayar da ita gaban taro a ce ko wannan ce? Nan fa wuri yakan kaure da dariya. Staroste ya girgiza kai ya ce sam, tasu ba haka take ba, ya shiga zayyana kyan wadda suke nema, tun daga gashi da idanu har haƙora. Masu gida su sake musantawa. Sai baƙi su ɓata rai da gangan, su taɓa makamansu, su ce in ba a ba su da lalama ba za su karɓa da ƙarfi. A sannan ne ake fito da yarinya cikin ado, a yi baiko, a zauna cin abinci.

Wannan wasan tsohuwa ba Moldova kaɗai ke yin sa ba, ana samun sa a wurare da dama a Turai. Masu nazarin al'adu suna cewa asalinsa tsoron baki ne da miyagun iskoki: a fara miƙa musu amaryar ƙarya, duk sharrin da ya biyo taro ya sauka a kanta, ta gaskiya ta fito lafiya. Ko ba wannan, wasan yana da wani amfani da ido ke gani. Uban da ya musanta sau biyu, ya kawo tsohuwa, sai da aka zare masa ido kafin ya sallama, ba wanda zai ce ya gaji da 'yarsa ne ya nemi hanyar rabuwa da ita.

Ranar biki kuma maganar takan tashi daga farauta ta koma yaƙi. Kantemir ya ce ango yakan tura mahaya su riga shi isa, su ba da labarin yana tafe. Ana kiran su konakari. Mutanen amarya sukan yi musu kwanto a hanya. In suka kama su, sai su ɗaure su tamau, su ɗora su a kan dawakinsu fuska na kallon wutsiya, a shiga da su gari a haka ana yi musu ele. In an tambaye su me ya kawo su, sai su ce an aiko su shelar yaƙi ne, runduna tana baya za ta ci birni. Daga nan a kwance su, a cika su da giyar inabi. Akan kuma yi sukuwa tsakanin ɓangarorin biyu, wanda ya riga ya karɓi kyauta, gidan talaka ɗan ƙyalle mai ado, gidan mai hali yadi mai tsada.

A bakin waɗannan konakari ne jawabin ya girma ya zama doguwar waƙar baka, wadda ake haddacewa ana gadar ta. Wani limamin coci mai suna Simion Florea Marian ya tattara ire-irenta a littafinsa na bikin auren Romaniyawa da ya fito a 1890. A cikinta ango ya zama saurayin sarki da ya tashi da asuba ya tara runduna ya fita farauta. Aka ga sawu, fadawa suka yi ta gardama: wasu suka ce na barewa ne, wasu na aljana, wasu suka ce ai alamar fure ce. Daga ƙarshe aka ce fure ne da ke lambun gidan nan, yana girma amma ba ya 'ya'ya, an zo a cire shi da saiwarsa a dasa a lambun sarki.

Shin daga Dragosh aka ɗauko duk wannan? Staroste dai haka yake nunawa, tunda da kakanni yake buɗe jawabi. Amma akwai abin dubawa. Mutanen Hungari suna da labarin wasu 'yan'uwa biyu, Hunor da Magor, da suka bi barewa ta kai su sabuwar ƙasa, a can kuma suka kwashi 'yan mata suka aura. An rubuta wannan tun ƙarni na 13, kafin zamanin Dragosh. Masanin nan ɗan Romaniya, Mircea Eliade, ya yi nazarin labarin Dragosh ya nuna cewa dabbar da ke jan maharbi zuwa sabon mazauni tsohon zance ne da al'ummu da yawa suka sani. A ganina labarin kafa ƙasa da jawabin neman aure rijiya ɗaya suka sha, ba lalle ɗaya ne ya haifi ɗaya ba. Abin da mutanen Moldova suka yi shi ne ɗaure su wuri guda, har ya zamana duk saurayin da zai kafa gida sai an kira shi magajin wanda ya kafa ƙasa.

Da an gama wasa da dariya, sai abin da ke sa kuka. Kafin a fita da amarya akan shimfiɗa darduma, ita da ango su durƙusa gaban iyayenta, mai jawabi ya nemi gafara a madadinsu. Yakan faro tun daga halittar Adamu da Hauwa'u, ya gangaro har kan wahalar da uwa da uba suka sha wajen reno, ya roƙi su yafe su sa albarka. Sai samari su shiga babban ɗakin gidan, wanda suke kira kasa mare, ɗakin da ba a kwana cikinsa, an ajiye shi don baƙi da biki. A nan ake tara kayan ɗakin yarinya, adaka da matasan kai da tawul masu ado da dardumomin ulu da ita da uwarta suka yi shekaru suna saƙawa. Ba a fitar da kayan nan shiru. Kowane saurayi yakan ɗaga abin da ya ɗauka sama, ya fito yana rawa da shi, don gari ya ga aikin hannun gidan. Saƙar waɗannan dardumomin bango ta Moldova da Romaniya ta shiga kundin al'adun duniya na UNESCO a 2016.

A coci ba iyaye ne ke tsayawa bayan ango da amarya ba. Wasu ma'aurata ne da aka zaɓa, da ake kira nashi, su ne iyayen auren. Suna riƙe da kyandir, limami ya ɗora wa ango da amarya kambi, ya ba su su kurɓa daga kofi ɗaya, a kewaya teburi sau uku. Uwar auren ce ke karya burodin biki a saman kan amarya ta rarraba wa jama'a. Burodin sunansa kolak, kitsa ƙullun ake yi a naɗe shi kamar gammo, kuma ba a neman iyayen aure ko a kai musu gaisuwa sai da shi, a kan tawul. Zumuncin nan ba ya ƙarewa ranar biki, don galibi su ne ke tsayawa a baftismar 'ya'yan da za a haifa, in rigima ta tashi a gidan kuma su ake kira. Can wajen asuba uwar auren ta zaunar da amarya, ta cire mata lulluɓi ta ɗora wa wata budurwa, ta ɗaura mata kallabin matan aure. Amarya takan fizge shi ta yar, sau ɗaya, sau biyu, a na uku ta haƙura.

Ba a ɗaura aure a lokutan azumin coci, shi ya sa bukukuwa suka fi yawa da kaka, bayan an tsinke inabi an matse, rumbu ya cika.

Zamani ya rage abubuwa da yawa. A ƙarƙashin Tarayyar Sobiyet, wadda ta riƙe ƙasar har ta sami 'yanci a 1991, an rufe mafi yawan coci-coci, aure ya koma rajista a ofishin gwamnati. Amma hukuma ba ta iya hana a karya kolak a tsakar gida ba, nashi kuma ba su fasa tsayawa ba. Yanzu mota ta maye gurbin doki, a Kishinau babban birni zauren biki ake kamawa a ɗauko mai gabatarwa da makaɗa, 'yan ci-rani da ke aiki a Italiya da sauran ƙasashe su dawo da ambulan ɗin kuɗi. Dogon jawabin konakari sai a ƙauye, ko a bakin masu raya al'ada, shi ma a gajarce.

Abin da ya ƙi mutuwa shi ne wani wasa da ake yi a daren biki, wato satar amarya. Ana tsakiyar rawa, dare ya raba, sai a waiga a ga ba ta. Abokai sun sulale da ita, sun sa ta a mota sun kai ta wani wuri a cikin gari suna ɗaukar hoto. Can sai ɗan aike ya shigo da takalminta ƙafa ɗaya a hannu, shaidar tana wurinsu, a tsayar da kiɗa a shiga ciniki. Wani lokaci kwalaben giya suke nema, wani lokaci kuɗi, wani lokaci kuma su ce sai ango ya karɓi lasifika ya faɗa wa duniya irin son da yake yi mata. In abin na biya ne, sau da yawa aljihun uban auren ake dubawa, don shi aka ba amanar tsaronta ya yi sakaci.