Madarar gwangwani a Garun Mallam: abin da ya kamata a tanada kafin a ɗora jariri a kan bulumboti

A yankin Garun Mallam, Kura da Bunkure aiki ba ya yankewa. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aikin da aka fara a zamanin Gwamna Audu Bako, ruwan kanal ya mayar da Kadawa da kewayenta cibiyar noman rani. Mata na cikin wannan hidima, daga tsinkar tumatirin da ake kaiwa kasuwar Kwanar Gafan har zuwa turara shinkafa da shanya ta. Idan mai jego ta koma aiki, ko ta kwanta ciwo mai tsanani, ko ta rasu ta bar jinjiri, dangi sukan fara tunanin madarar gwangwani. Sayen bulumboti shi ne mafi sauƙi a cikin lamarin. Abin da ke raba jaririn da ya rayu da wanda gudawa ta kayar shi ne ruwa, wuta da kuɗi.

Matsayin masana da doka

Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun ba da shawarar a shayar da jariri nonon uwa zalla, ba ko ruwa, har wata shida, sannan a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara biyu ko fiye. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin ɗari kacal na jariran Najeriya 'yan ƙasa da wata shida ne ke samun nono zalla.

Tallar madara tana da tarihi mai ɗaci. A 1974 ƙungiyar War on Want ta Ingila ta fitar da rahoto kan yadda tallar ke jefa jarirai cikin haɗari a ƙasashe matalauta, kuma a 1977 aka fara ƙaurace wa kayan Nestlé a Amurka. Wannan ya kai ga ƙa'idar duniya ta 1981 da ta hana tallata madarar jarirai ga jama'a da raba wa iyaye mata samfurinta kyauta. Najeriya ta kafa nata dokar a 1990, ta gyara ta a 1999, kuma NAFDAC ce ke da alhakin aiwatar da ita.

Hanyoyin da ke gaba da gwangwani

Uwar da ke tafiya gona ko injin casar shinkafa na iya tatse nononta a kofi mai murfi da aka tafasa. Yakan kai kimanin awa huɗu a wuri mai sanyi, kuma a zafin bazara ya fi kyau a bayar da shi da wuri. Idan uwa ta rasu, ana iya neman mai shayarwa daga dangi bayan an duba lafiyarta a asibiti, har da gwajin ƙanjamau. Wannan hanya sananniya ce a Musulunci tun daga Halimatus Sa'adiyya, kuma tana da hukuncinta na 'yan'uwantakar shan nono, wanda ya sa ya dace a sanar da dangi.

Madarar shayi ta gari ko ta ruwa, nonon shanu, koko da kunu ba su dace da jaririn da bai kai wata shida ba. Idan babu makawa, madarar da aka rubuta cewa ta jarirai ce daga haihuwa ita kaɗai za a nema.

Lissafin kuɗi

A ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, jaririn da ba ya shan nono yana buƙatar kimanin kilo 20 na garin madara a wata shida na farko, wato gwangwani 40 masu giram 500. Maigida ya tambayi farashin gwangwani ɗaya, ya ninka, ya ƙara kuɗin itace ko gawayi da sabulu, kafin a fara. Haɗarin yana nan ne: da zarar jariri ya rage kama nono, nonon yakan ragu. Idan kuɗin kakar tumatir ya ƙare a wata na uku, sai a fara ƙara ruwa domin gwangwani ya jima, daga nan kuma tamowa ke shigowa.

Ruwa

Ruwan kanal ba na haɗa madara ba ne, ko an tafasa shi. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta cire takin zamani ko maganin feshin da ya gangaro daga gonaki. Rijiya marar zurfi da ke gefen gona ma tana iya ɗaukar sinadarin taki mai cutar da jinin jariri. Ruwan burtsatse mai kyau ya fi, kuma shi ma, kamar ruwan leda, sai an tafasa.

Garin madarar kansa ba ya rasa ƙwayar cuta. A 2022 an janye madarar kamfanin Abbott daga kasuwa a Amurka bayan wasu jarirai sun kamu da ƙwayar Cronobacter. Shi ya sa ƙa'idar 2007 ta Hukumar Lafiya ta Duniya da FAO ta ce a haɗa gari da ruwan da zafinsa bai gaza digiri 70 ba, wato wanda bai wuce minti 30 da sauka daga wuta ba.

Tsarin yini

A watan farko jariri kan sha kimanin mililita 60 sau takwas a dare da rana. A wata na biyu mililita 90 sau bakwai, a na uku da na huɗu 120 sau shida, a na biyar da na shida 150 sau shida. Waɗannan ma'auni ne na kusa; jaririn da ke tsotsar hannu yana juya kai yana jin yunwa, wanda ya kau da baki kuma ya ƙoshi.

A kowane sha, a wanke hannu da sabulu, a zuba ruwan zafi daidai alamar ma'auni, sannan a saka gari da cokalin da ke cikin gwangwanin, a shafe bakinsa. A sanyaya mazubin cikin ruwan sanyi, a ɗiga a bayan hannu a ji ɗuminsa. Abin da ya rage bayan awa biyu a zubar. Inda babu firji mai tsayayyar wuta, ba a haɗa madarar dare tun da yamma. A ajiye tafasasshen ruwa a filas mai riƙe zafi, a haɗa lokacin da jariri ya farka.

Ma'aikatan lafiya sun fi son ƙaramin kofi a kan bulumboti, domin kan roba yana ɓoye datti kuma sai an tafasa shi kafin kowane amfani. A riƙe jariri a zaune-zaune, kada a jingina masa bulumboti ya sha shi kaɗai. Fitsari sau shida ko fiye a yini da ƙaruwar nauyi a awon asibiti alamu ne cewa yana samun isasshe. Gudawa, amai, zazzaɓi, faɗawar maɗiga ko ƙin sha na buƙatar asibiti nan take.

Inda alhakin gwamnati yake

Dokar ƙwadago ta Najeriya ta tanadi hutun haihuwa na mako 12 da rabin awa sau biyu a yini domin shayarwa. Jihohin Legas da Kaduna sun kai hutun ma'aikatansu mata wata shida. Matar da ake biya da kwando a gonar tumatir ba ta cikin ko ɗaya. Tambayoyin da matasan yankin za su iya yi wa kansila, shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisa a fili suke: burtsatse nawa ke aiki a mazaɓa, ko asibitin unguwa na da ma'aikaciyar da ke koyar da tatsar nono da awon jarirai, kuma wane tanadi aka yi wa jinjirin da uwarsa ta rasu a gidan da ba zai iya sayen gwangwani 40 ba.