Dokokin tashi a tseren jiragen ruwa: Daga Rigatar Yauri zuwa jiragen rimot

A tseren ƙafa ko sukuwar dawaki ana iya shata layi a ƙasa, kowa ya tsaya a bayansa har a ba da izini. A kan ruwa babu inda za a shata layi, jirgi kuma ba shi da birki, domin ko matuƙi ya ɗaga filafilinsa, gudun ruwa da iska ba za su bar jirgin wuri ɗaya ba. Wannan ne ya sa hukumomin wasannin ruwa na duniya suka tsananta dokokin tashi. A nan ne ake fara adalci ko zalunci a gasa, a nan ne kuma jirage suka fi cunkushewa, haɗarin karo ya fi yawa.

Rigata da ruwan da ake yin ta a kai

Masarautar Yauri da ke kudancin Jihar Kebbi ta ƙunshi ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga, kuma Kogin Neja, wanda aka fi sani da Kwara, shi ne jigon rayuwarta. Babban bikinta na ruwa shi ne Rigata, wanda ake yi a gaɓar Yelwan Yauri a gaban Mai Martaba Sarkin Yauri, Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, wanda ke kan gadon sarauta tun 1999. Sunan bikin ya shigo ta bakin Turawa, asalinsa kuma kalma ce ta mutanen birnin Banis na Italiya da ke nufin tseren jiragen ruwa.

Tarihin baka na yankin yana danganta tushen bikin da atisayen mayaƙan Gungawa, mazauna tsibiran kogin, waɗanda kan fita cikin kwale-kwale da masu domin farautar dorinar da ke ɓarna a gonaki da kife jirage. Da gwamnatin mulkin mallaka ta taƙaita wannan farauta, sai atisayen ya koma nuna bajinta: tseren kwale-kwale da ninƙaya da nutso da kiɗa.

Ruwan kansa ya sauya tun 1968, lokacin da aka kammala madatsar Kainji. Tafkin da ya samu ya miƙa kilomita fiye da 130 zuwa arewa har kusa da Yelwa, ya haɗiye tsohon garin Busa da tsibirai da dama, aka tayar da dubban mutane zuwa sababbin matsugunai. Sau biyu ruwa ke cika a shekara. Akwai cikar damina, mai launin fari saboda laka, sannan akwai cikar da ke isowa da hunturu daga tsaunukan Gini bayan ta ratsa Mali da Nijar. Ga iskar hunturu da ke busowa daga arewa maso gabas, ga kututturan itatuwan da ruwa ya rufe. Duk wanda zai jera jirage a wannan wuri dole ya yi lissafi da waɗannan abubuwa.

Hanyoyi biyu na tashi

A duniya ana bin ɗayan hanyoyi biyu. Ta farko ita ce tashi daga tsaye, wadda jiragen filafili ke bi. A tseren jami'o'in Oxford da Cambridge a Kogin Tems na Ingila, wanda aka fara a 1829, ana kafe ƙananan jirage biyu a tsakiyar kogi, mutumin da ke cikin kowanne ya riƙe gindin jirgin tseren da hannu har a ba da izini. Da yake gefe ɗaya na kogin kan fi ɗaya amfani a wasu kwanoni, ana jefa tsabar kuɗi tukuna, wanda ya ci ya zaɓi gefen da yake so. Idan mai riƙe da akalar jirgi bai shirya ba sai ya ɗaga hannu, alƙali ya jira. A gasar Olamfik, inda nisan ke mita 2,000, akwai jami'i na musamman da aikinsa kawai daidaita hancin jirage. Bayan ya gamsu, mai ba da izini ya kira sunan kowace tawaga, ya ce a yi hattara, fitila ja ta kunnu, sannan ta koma kore tare da ƙara. Wanda ya riga malam masallaci ana ba shi katin gargaɗi, idan ya sake a kore shi.

Hanya ta biyu ita ce tashi cikin tafiya, wadda jiragen da iska ke turawa suke bi, tunda ba sa iya tsayawa cik. Ana sa alamomi biyu masu iyo, ko alama ɗaya da jirgin alƙalai, layin tashi kuwa shi ne tazarar da ke tsakaninsu, wadda ido kaɗai ke aunawa. Jirage na kewaye a bayan layin, kowa yana ƙoƙarin isa gare shi da cikakken gudu a daidai lokacin da izini zai fito.

Tuta da ƙara

Hukumar World Sailing, wadda aka kafa a 1907, ita ke fitar da kundin dokokin wannan tsere, tana sabunta shi duk shekara huɗu. Na yanzu ya shafi 2025 zuwa 2028. Doka ta 26 ta tsara tashi hawa huɗu. Saura minti biyar a ɗaga tutar rukunin da zai tashi tare da ƙara ɗaya. Saura minti huɗu a ɗaga tutar shiri. Saura minti ɗaya a sauke tutar shiri tare da doguwar ƙara. Idan lokaci ya cika a sauke tutar rukuni, tsere ya fara.

Dokar ta ce da tuta ake auna lokaci, ko da ƙaho ko bindiga sun ƙi tashi. Dalilin a bayyane yake. Sauti na cin kimanin mita 340 a sakan ɗaya, don haka jirgin da ke nesa da alƙali da mita 100 zai ji ƙarar bayan na kusa da kusan sulusin sakan. Kwale-kwalen da ke cin mita huɗu a sakan zai iya wuce abokin karawarsa da fiye da mita guda a wannan ɗan taƙin. Tuta kuwa kowa na ganin ta lokaci ɗaya.

Idan jirgi ɗaya ko kaɗan suka ƙetare layi kafin lokaci, ana ɗaga farar tuta mai shuɗin gicciye tare da ƙara ɗaya, kuma wajibi ne mai laifin ya dawo bayan layi gaba ɗaya ya sake tashi, yana kauce wa waɗanda suka tashi daidai. Idan masu laifin sun yi yawa har alƙalai suka kasa tantance su, ko kuskuren daga alƙalai ne, ana yin ƙara biyu a maido da kowa.

Irin tutar shirin da aka ɗaga ita ke nuna tsananin hukunci. Shuɗiya mai farin murabba'i a tsakiya ita ce ta yau da kullum. Rawaya mai baƙin ɗigo na tilasta wa wanda ya ƙetare a mintin ƙarshe ya zagayo ta ƙarshen layi. Akwai wadda ke jawo tarar kashi 20 cikin 100 na maki. Mafi tsanani ita ce baƙar tuta: duk wanda aka gani gaban layi a mintin ƙarshe an kore shi ba tare da sauraron ba'asi ba, ko da an sake tashin.

Jiragen rimot

Ƙananan jiragen da ake sarrafawa da rimot daga gaɓa suna bin kundin nan, da gyare-gyaren da aka tara a rataye na E. Ƙungiyoyin masu wannan wasa sun fi yawa a Turai da Amurka da Ostareliya da Niyu Zilan, kuma rukunin da ya fi shahara shi ne na jirgi mai tsawon mita ɗaya, wanda nauyinsa ba ya gaza kilo huɗu.

A nan kunne ya karɓi aikin ido, saboda idon mai rimot yana kan jirginsa, ba zai iya waiwayen tuta ba, kuma dukkan masu gasar suna tsaye kusa da juna a filin da aka keɓe musu. Ana ba da gargaɗi saura minti biyu, shiri saura minti ɗaya, sannan tashi. A cikin mintin ƙarshe ana sanarwa duk sakan goma, a sakan goman ƙarshe kuma ana ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya. Farkon sautin shi ne lokaci. Idan jirgi ya ƙetare da wuri, alƙali ya kira lambarsa da babbar murya. Wanda ya saɓa wa wani a hanya yakan wanke laifinsa da juya jirginsa zagaye ɗaya, maimakon biyun da manyan jirage ke yi. Wanda rimot ya kuɓuce masa kuwa dole ya sanar da ƙarfi, ya janye daga tseren.

Dokokin ba da hanya suna aiki tun kafin tashi. Jirgin da iska ke bugowa ta hagunsa shi ke kauce wa wanda take bugowa ta damansa. Idan ta gefe ɗaya take bugo su, wanda ya fi kusa da inda iskar ke fitowa shi ke ba da wuri.

Abin da ya shafi gaɓar Kainji

Kwale-kwalen Yauri da Wara da Shanga na filafili ne, don haka tashi daga tsaye ya fi dacewa da su. Manufofin dai ɗaya ne ko'ina. Layi yana buƙatar alamomi biyu kafaffu da alƙalin da ke hangensa daga gefe. Inda tsakiyar kogi ta fi baki gudu, ƙuri'a ce ke raba gardamar wurin tsayawa. Izinin da ya haɗa tuta da ƙara ya fi ƙara kaɗai, musamman inda ganguna da ihun 'yan kallo ke tashi. Ko a Argungu, inda ake sakin dubban masunta zuwa Matan Fada da harbin bindiga, sigina ɗaya ce kowa ya sani tun kafin ranar. Hukuncin wanda ya yi gaggawa shi ma a sanar da shi kafin a shiga ruwa, domin jirgi a irin wannan gasa yana ɗauke da sunan gari ne, kuma hukuncin da aka ƙirƙiro bayan an gama tsere shi ke haifar da gaba.

Sai batun rai. Mutanen wannan gaɓa ba su manta da 26 ga Mayun 2021 ba, ranar da jirgin fasinja ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse kusa da Wara a Ƙaramar Hukumar Ngaski, mutane da dama suka rasu. Wannan ba a gasa ya faru ba, amma ruwan ɗaya ne. Dokar farko a kundin World Sailing, kafin duk wata maganar tuta, ta wajabta wa kowane jirgi da ɗan wasa taimakon wanda ke cikin haɗari, ta kuma wajabta ɗaukar kayan ceto. Saboda haka jiragen ceto a gefen layi, da rigar kariya daga nutsewa, da tazara tsakanin kwale-kwale da ɗan'uwansa yadda filafilai ba za su sarƙe ba, duk suna cikin abin da mai ba da izini zai tabbatar kafin ya sauke tuta.