Ƙofar Mata da Kewayenta a Birnin Kano

Ƙofar Mata tana gefen gabas na ganuwar Kano, inda tsohon birni ya yi iyaka da Fagge da sauran unguwannin waje. A wajenta akwai filin Idi da filin wasa na Sani Abacha, a gindinta kuma ga marinar da ta fi kowace suna a ƙasar Hausa. Daga nan zuwa fadar sarki ko kasuwar Kurmi tafiyar ƙafa ce da ba ta kai rabin awa ba. Mutanen arewacin Zazzau, irin su Ikara da Maƙarfi da Kudan, sun saba da wurin tun kaka da kakanni, domin audugar ƙasarsu da babanta na cikin abin da ya ciyar da saƙa da rinin Kano gaba. Yau ma sukan biyo titin Zariya ta Kwanar Ɗangora da Kura, su yi sayayya ko kallon ƙwallo, su koma gida a yini guda.

An soma gina ganuwar Kano a zamanin Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, amma wannan ɓangare na gabas aikin Muhammadu Rumfa ne, sarkin da ya riƙe gari daga 1463 zuwa 1499. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Rumfa ya faɗaɗa ganuwa har ta kai Ƙofar Mata, kuma shi ne ya gina gidan sarauta ya kafa kasuwar Kurmi. Saboda haka duk wanda ya shiga ta wannan ƙofa, cikin garin da Rumfa ya tsara yake tafiya. Ganuwar kanta ta zaizaye ƙwarai, ruwan sama ya ci wani wuri, masu gini sun ci wani, abin da ya rage bai taka kara ya karya ba idan aka gwada shi da yadda take a da. Wannan asara ce babba.

Marinar tana dab da ƙofar, kuma masu ita suna kai asalinta shekarar 1498. Fili ne cike da ramuka masu zurfi da aka shafe cikinsu don kada ruwa ya tsiyaye. A ciki ake haɗa ruwa da baba da toka da kanwa, a bar haɗin kwanaki yana tsima ana motsa shi da muciya, har kumfa ta taso samansa, warinsa ya game wurin. Marini yakan tsuguna a bakin ramin da safar roba a hannu, ya tsoma ƙyalle ya ɗaga, ya sake tsomawa. Ƙyallen yakan fito kore-kore, sai iska ta buge shi ya rikiɗe shuɗi a gaban idon mai kallo, kuma yawan tsomawar shi ke kai shi ga baƙin da ake so. Zanen da ake gani a jiki, mai kama da ƙwayar ido ko zobe cikin zobe, aikin mata ne da ke ƙulla yadin da zare a cikin gida kafin a kawo shi rini. Idan ya bushe sai a kai mabuga, inda ake shimfiɗa shi a kan gungume ana dukansa da manyan sanduna har ya yi santsi da ƙyalli. Ko katsin da ke kwantawa a ƙasan rami ba a zubar da shi, da shi magina ke haɗa lason shafe soraye.

Baturen Jamus Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa ana rinawa a nan suna kaiwa har Tarabulus da Tambutu. Buzaye har yanzu suna neman rawani mai shuni. Sai dai yadin kanti da rinin zamani sun karya kasuwar, ramuka da dama sun bushe, wasu sun cika da shara, kuma samari ba su cika son gadar sana'ar ba. Tsofaffin da suka riƙe ta sun cancanci a saya a hannunsu, ba a tsaya ga ɗaukar hoto kaɗai ba.

Da an wuce ƙofa akwai Asibitin Murtala, wanda a da ake kira asibitin birni, sannan unguwar Yakasai. Daga babban titi lunguna ke rassa, wasu ba sa ɗaukar abin da ya wuce babur, kuma a nan ne ake ganin cewa don mai tafiya da ƙafa aka gina birnin. Akwai zaure da dakalin zama a ƙofar gida, makarantar allo a gindin bango, maɗinkin hula da mai sayar da fura a inuwa ɗaya. Sunayen unguwanni suna ɗauke da labarin baƙin da suka zauna: Zangon Barebari masaukin fataken Barno ne, Dandalin Turawa mazaunin Larabawan arewacin Afirka, Sharifai kuma ana danganta su da Shehu Magili, malamin da ya zo Kano a zamanin Rumfa. Baƙo yakan yi sallama kafin ya ratsa majalisa, kuma ba ya wuce zaure sai an yi masa iso.

Kurmi tana gefen rafin Jakara, rumfunanta a matse, kowace sana'a da layinta: dukawa da jakunkunan fata, masu sirdi da linzami, masu turare da kayan yaji. Ta kudu kuma ga babban masallacin Juma'a, wanda aka sake ginawa a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, yana jingine da Gidan Rumfa, wato fadar sarki. Kusa da Ƙofar Kudu ta fadar akwai Gidan Makama, wanda yanzu gidan adana kayan tarihi ne. Ran Sallah sarki yakan fito filin Idin Ƙofar Mata, a idar da salla ya koma fada bisa doki tare da hakimai. A 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin al'adun gado na duniya.

Filin wasa na Sani Abacha shi ne ƙaramin yaro a cikin waɗannan wurare. An buga wasannin gasar matasa ta duniya ta 1999 a cikinsa, da na kofin ƙasashen Afirka na 2000, da na gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ta 2009. Gida ne ga Kano Pillars, ƙungiyar da aka kafa a 1990, wadda ta lashe gasar Najeriya a 2008, sannan sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014. Ta taɓa shafe fiye da shekara goma ba a ci ta a gida ba a wasannin gasar, kuma a nan Ahmed Musa ya yi suna kafin ya tafi Turai. Ana fara wasa ne bayan la'asar, amma tun azahar titin yake cushewa da 'yan adaidaita sahu da masu rake da tsire, magoya baya sanye da ruwan ɗorawa da kore suna ta kirarin "Sai masu gida!" Mai son haɗa zagayen birni da kallon ƙwallo yakan fara da marina da hantsi, lokacin da ake tsakiyar aiki, ya yi azahar a cikin gari, sannan ya fito ya bi layin tikiti tun kafin ƙofofin filin su cika.