Abin da Idon Kyamara Bai Kama Ba: Finafinan Jiragen Yaƙin Ingila da Hanyar Takoradi

Shekaru da dama ke nan da fitowar The Dam Busters, fim ɗin da Michael Anderson ya ba da umarni a 1955, amma har gobe gidajen talabijin na Ingila ba su daina nuna shi ba, shi da 'yan'uwansa irin su Reach for the Sky na 1956 da Battle of Britain na 1969. Bayanin da aka fi bayarwa shi ne Turawan Ingila na kewar zamanin da suke juya duniya. Da ƙamshin gaskiya a wannan, sai dai bai isa ba. Ni a ganina ƙarfin waɗannan finafinai ya taho ne daga ƙunƙuntar idon da suka kalli Yaƙin Duniya na Biyu da shi: sun mai da shi sana'ar mutane kaɗan, suka kawar da kai daga ƙasa da mutanen da ke kanta. Wannan ƙunƙunta ita ce daɗinsu, ita ce kuma aibinsu, kuma wanda ke zaune a Zangon Agoè, arewa da birnin Lome, ya fi na Landan damar ganin haka.

A dubi yadda aka gina The Dam Busters. Kusan rabin fim ɗin babu harbi ko ɗaya. Injiniya ne, Barnes Wallis, yake ta gwaji da ƙananan duwatsun wasa a kan ruwa, yana neman yadda bam zai yi tsalle-tsalle a saman tafki har ya isa jikin madatsar ruwa. Gwaji ya lalace, a sake. Manyan ofis su yi masa kallon mai taɓin hankali, ya daure. Daga nan sai matsalar matuƙa: dole jirgi ya sauko zuwa ƙafa 60 kacal bisa ruwa, cikin dare, sai aka ɗaura fitila biyu a ƙarƙashin jirgin, in haskensu ya haɗu a kan ruwa to an kai tsayin da ake so. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gareji yana kallon makanike na fama da injin da ya ƙi tashi ya san daɗin irin wannan labari. Daɗin gwaninta ne, kuma gwaninta ba ta tsufa kamar yadda farfaganda take tsufa. Shi ya sa George Lucas, Ba'amurke da ba ruwansa da kewar daular Ingila, ya ɗauki tsarin harin ƙarshe na Star Wars a 1977 daga wannan fim da kuma 633 Squadron na 1964.

Abu na biyu shi ne dauriya. A daren 16 ga Mayu 1943 jirage 19 ƙirar Lancaster suka tashi, 8 ba su dawo ba, mutum 53 suka mutu. Fim ɗin bai nuna kuka ba. Ɗakunan da babu masu su ya nuna, da kujerun cin abinci wayam, sannan shugaban ayarin, Guy Gibson, ya juya ya tafi rubuta wasiƙun ta'aziyya. Bahaushe, wanda aka rena da cewa namiji ba ya bayyana zafin ciwo a gaban jama'a, ba ya bukatar tafinta a nan. Haka labarin Douglas Bader a Reach for the Sky, wanda ya rasa ƙafafunsa biyu a haɗarin jirgi a 1931 ya kuma koma tuƙi da ƙafafun ƙarfe.

To amma me ido bai kama ba? Ruwan da ya ɓalle daga madatsun Möhne da Eder na Jamus ya kashe mutane fiye da dubu, da yawansu fursunoni ne da 'yan aikin tilas da Jamus ta kwaso daga gabashin Turai. Daga sama ba a ganin fuskokinsu. Wani abin kuma da ba a gani ya fi kusa da mu. Tun daga Satumba 1940, da hanyar Bahar Rum ta zama mai haɗari, Ingila ta riƙa kawo jiragen yaƙi a cikin akwatuna zuwa tashar Takoradi a Gwalkwas, Gana ta yau, a harhaɗa su a can, su tashi zuwa Ikko, Kano, Maiduguri, Fort Lamy a Chadi, Hartum, har Alƙahira. Jirage fiye da 5,000 suka bi wannan hanya zuwa fagen daga a Arewacin Afirka. Hanyar ba ta yiwu ba sai da Félix Éboué, baƙar fata gwamnan Chadi, ya bi bayan De Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, a Agusta 1940. Ita kuwa Togo, tare da Dahome, tana hannun gwamnatin Vichy ta Faransa, mai haɗa kai da Jamus, har ƙarshen 1942, wato tsakanin Takoradi da Ikko akwai gaɓar teku da matuƙan Ingila ba su da izinin sauka, kuma a bakin wannan gaɓa Lome take. Zangon Hausawa a lokacin yana tsakiyar gari, kafin a tashe shi a 1977 a mai da shi Agoè. Fatake masu kai da komo tsakanin Accra da Lome da Ikko sun rayu a kan iyakar da yaƙin ya raba gida biyu.

Leburorin da suka share filayen sauka da waɗanda suka sauke akwatuna a Takoradi ba su da gurbi a waɗannan finafinai. Haka talakawan da aka tara kuɗinsu aka sayi jirage, har rundunar sama ta Ingila ta raɗa wa ayari na 91 sunan Nijeriya, na 218 kuma sunan Gwalkwas. Haka Johnny Smythe, ɗan Saliyo mai duba hanya a jirgin bam, wanda aka harbo a 1943 ya ƙare yaƙin a kurkukun Jamus. Battle of Britain ya tuna da matuƙa 'yan Polan, wannan kam an yaba, amma tunawar ba ta kai ga baƙar fata ba.

Mai musu zai ce fim ba littafin tarihi ba ne, kuma wanda ya zo ba da labarin dare guda ba a ɗora masa nauyin daula gaba ɗaya. Gaskiya ne game da fim ɗaya. Amma idan finafinai goma suka yi ta zaɓen dare iri ɗaya da fuskoki iri ɗaya har shekara talatin, zaɓin ya zama shi ne tarihin da jama'a suka sani, tarihin tsibiri da ya tsaya shi kaɗai, alhali kuwa da bazar wasu ya yi rawa. Wani kuma zai ce ai Hausawa ba su taɓa damuwa da waɗannan finafinai ba, ina ruwan biri da gada. Wannan ma da hujjarsa: tun daga shekarun 1950 finafinan Indiya suka fara shigowa har suka mamaye gidajen silima na Kano, kamar yadda Brian Larkin ya nuna a bincikensa, a yau kuwa Kannywood ce a wayoyin Zango. Sai dai kakannin masu kallon nan sun ga jiragen Ingila a majigi tun yaƙin na ci, domin hukumar finafinan mulkin mallaka da aka kafa a 1939 ƙarƙashin William Sellers, tsohon jami'in tsabta a Nijeriya, aikinta ke nan: a nuna wa talaka ƙarfin Sarkin Ingila don ya ba da kuɗi da 'ya'ya. An ɗauke su masu kallo da masu biya, ba a ɗauke su mutanen cikin labari ba.

Wuri guda ne baƙar fata ya leƙo cikin The Dam Busters, shi ma ta bayan gida. Karen Gibson baƙi ne, sunansa kuwa kalmar nan ce ta zagi da Turawa ke jifan baƙar fata da ita, kuma ita aka yi kalmar sirri ta sanar da cewa madatsar Möhne ta fashe. Wasu gidajen talabijin sukan goge ta ko su yi gargaɗi kafin nunawa. A 2020 rundunar sama ta Ingila ta sauya dutsen kabarin karen a sansanin Scampton da wani wanda babu sunan a jikinsa.